Tambayar da ke jikin kati a tafiyar Audax: yaya ake yi da ita?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. A tafiyar keke ta Audax (doguwar tafiya da ake kammalawa cikin ƙayyadadden lokaci, ana tantance mahayi a wurare a kan hanya) mai kilomita 200 a Ingila, an ce akwai wurin tantancewa da babu mai buga hatimi, ba shagon karɓar rasit, sai tambaya kawai a jikin katin da mahayi ke riƙewa don shaidar ya bi hanyar. Yaya ake bi da shi? In mutum ya wuce bai lura ba fa?

Baban Keke: Wa'alaikumus salam. Amfaninsa hana yanke, shi ya sa ake sa shi a lungun da hanya ta yi kwana. Tambayar ba ta da wuya: mil nawa allo ya nuna zuwa gari kaza, ko ƙarfe nawa ake kwashe wasiƙu a akwatin da ke bakin hanya. Galibi sai ranar tashi ake ba ka katin, to ka karanta shi kafin ka hau keke. Rubuta kilomitar wurin a ɗan tef ka manna a kan keken, ka kuma sa na'urar GPS ta yi ƙara saura mita 500. Ka riƙa lissafi daga wurin tantancewar da ka baro, don ma'aunin keke yakan ɗan saɓa da takardar hanya, saɓanin kuma taruwa yake yi.

Hajiya Mai Giya Goma: Fensir, ɗan'uwa, ba biro ba. Biro ba ya kama jiƙaƙƙen kati. Katin ya zauna cikin leda. Rubuta amsar nan take, sannan ka ɗauki hoto, don gajiya na goge lamba daga kai. Abin da ke jikin allon za ka kwafa: allunan Ingila da mil suke, kada ka mayar kilomita. Da dare sai da fitilar goshi, ta keke ƙasa take haskawa.

Baban Keke: In ka wuce, koma kawai. Galibi awa 13 da rabi ake bayarwa don dukan tafiyar, komawar kilomita 3 da dawowa ba ta wuce minti 20. Yawanci ba a ƙayyade wa wurin tambayar lokaci, amma agogon wurin tantancewa na gaba yana tafiya. Kwafar amsar abokin tafiya ba ta nuna ka je. In kuwa ka tarar an cire allon, ɗauki hoton wurin da kekenka a ciki, rubuta lokaci a katin, ka gaya wa mai shirya tafiyar a ƙarshe. Shi zai yanke hukunci.