Jirgin ruwan Disney a Turai: ya dace da iyalinmu, ko in haƙura da MSC?

Baban Ummi, Brescia: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in ajiye kafin alƙalami. Yaranmu huɗu ne: shekara 11, 8, 5, sai auta mai wata 20. Sun daɗe suna roƙon jirgin ruwan Disney, zuwa Florida da mutum shida kuwa ya fi ƙarfin aljihu, ga bizar Amurka. Na ga jirgin yana zuwa Turai da bazara. Hutuna a watan Agusta ne kawai, lokacin da masana'anta ke rufewa. Ni da yara fasfon Italiya gare mu, maman yara fasfon Nijeriya da permesso, wato katin izinin zama a Italiya, wanda aka kai sabuntawa. Yaran Italiyanci da Hausa suke ji, babbar ce kawai Turancinta ya ɗan yi ƙwari. Abin da Amurkawa suka tsara wa kansu, mu da muka saba da tsarin nan za mu ji daɗinsa? Ko in nemi jirgin kamfanin MSC da ke tashi daga Genova nan kusa da mu?

Anti Bilki, Maryland: Wa alaikumussalam. Ka biya kawai, ba za ka yi da-na-sani ba. Ranar tsibirin Castaway Cay kaɗai ta isa: rairayi fari, ruwa garau, abincin rana yana cikin kuɗin, yara na da ɓangarensu. Ga daren 'yan fashin teku da wasan wuta a saman jirgi.

Malam Sani, Leeds: Anti, Castaway Cay a Bahamas yake, jirgin da ke Turai ba ya zuwa can. Wasan wutar ma ba kowace tafiyar Turai ake yi ba. Baban Ummi, fara da kalanda kafin komai. Jirgi ɗaya suke turowa Turai, daga wajen Mayu zuwa Satumba. Disney Magic ne ya fara zuwa a 2007, Dream ya karɓa a 2023, Fantasy ya zo a 2025. Tsarin da suka saba: farkon bazara a Bahar Rum, daga Barcelona da Civitavecchia, sannan zuwa ƙarshen Yuli jirgi ya haura Southampton ya riƙa zuwa Norway da arewacin Turai. Ke nan a Agustan da kake da hutu, mai yiwuwa jirgin yana Ingila, ba kusa da kai ba. Ingila kuma ba ta cikin Schengen, rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya. Kai da yara kowa sai ya yi ETA, izinin shiga Birtaniya da ake nema ta intanet, tun Afrilun 2025 aka ɗora wa masu fasfon Turai, har jariri. Maman yara kuwa bizar Birtaniya ce cikakkiya, permesso ba ya shigar da mutum Ingila.

Ɗan Zango, Hamburg: Baban Ummi, a gida ɓera tarko ake ɗana masa, a nan kuma za ka biya dala a jera layi a ɗauki hoto da Mickey Mouse, ɓeran Disney? 😂

Hajiya Maman Walid, Antwerp: Bar shi Ɗan Zango, yara ba su san wannan lissafin ba. Ni kan ɗaki zan yi magana, don nan kuɗin yake. Ku shida ba za ku shiga ɗaki ɗaya ba. Yawancin ɗakunan mutum uku ko huɗu suke ɗauka, wasu biyar, kuma jariri ma kai guda ake ƙirga shi. Dole ɗaki biyu. Ka nemi masu ƙofa a tsakani, kuma a takarda za a rubuta kai a ɗaya, maman yara a ɗaya, saboda ba a barin ɗaki da sunan yara kaɗai. Ɗaki biyu na nufin mutum huɗu za su biya kuɗin manya, biyun farko na kowane ɗaki, ko da ɗayansu ɗan shekara 8 ne. Abin da ke da kyau: yawancin ɗakunan an raba bayi gida biyu, masai da wurin wanke hannu a gefe, baho a gefe, ga mai alwala da yara huɗu wannan babban sauƙi ne. Babu abin tsarki, ku tafi da ƙaramar buta ta roba. Kada a jefa tsumman goge jariri a masai, na zuƙo ne, yana toshewa har ya shafi maƙwabta. Dutsen guga, butar dafa ruwa da wayar jona wuta duk za a karɓe a bakin shiga, akwai ɗakin wanki da guga a jirgin. Soket yawanci irin na Amurka ne, ku riƙe adafta biyu ko uku.

Alhaji Bakano, Milano: Ni dai lissafi na sani. Mako guda a Bahar Rum, ɗaki iri ɗaya, wata ɗaya, Disney ya kan kai ninki biyu na MSC ko Costa, wani lokaci ya wuce. Sannan tukuici: dala 14.50 kowane mutum kowane dare. Ku shida dare bakwai, dala 609 ke nan da ba ta cikin farashin da ka gani.

Malam Sani, Leeds: Alhaji, wannan tsohon farashi ne. Tun farkon 2025 ya koma dala 16. Shida sau bakwai sau 16, dala 672. Kuma duk abin sha da ka saya a kanta ana ɗora kashi 18 cikin 100. Komai a jirgin da dala ne ko da yana tsaye a Napoli, don haka ka haɗa katin da ba ya cirar kuɗin canji mai yawa.

Anti Bilki, Maryland: Ninki biyu ina? Idan aka yi rajista da wuri, ranar da aka buɗe jadawali, bambancin bai kai haka ba. Kuma ku faɗi gaskiya duka: lemon kwalba kyauta ne a wurin cin abinci da bakin wurin ninƙaya, kai abinci ɗaki kyauta ne in ban da 'yan abubuwa, a wancan kuwa sai ka sayi kunshin abin sha daban. Babu gidan caca a jirgin Disney ko ɗaya. A MSC kana hanyar zuwa cin abinci da 'ya'yanka sai ku ratsa ta gefen injinan caca.

Ɗan Zazzau, Torino: Bakano ko Aljanna aka ce ya shiga sai ya tambayi nawa ne kuɗin ƙofa.

Alhaji Bakano, Milano: Bazazzagi, kai da ko kwalekwale ba ka taɓa hawa ba, zauna ka koya.

Yaya Hadiza, Verona: Kuna ta dala da lemo, babu wanda ya tsaya kan kalma ɗaya da mutumin nan ya rubuta: permesso yana hannun sabuntawa. Bari in gaya muku abin da ya sami wani iyali a nan unguwarmu, ba a Disney ba, a wani kamfani da ba zan kira suna ba. Miji, mata, yara uku, shekara biyu suna tari. Tafiyar daga tashar Italiya take farawa, ta bi Faransa da Sifaniya ta dawo. Katin matar ya ƙare, tana riƙe da rasit ɗin gidan waya na sabuntawa. Wanda ya sayar musu da tikiti ya ce ai daga Italiya za ku tashi, Italiya za ku dawo, babu matsala. Sun yi ɗinki, sun hau jirgin ƙasa tun asuba, an karɓi akwatunansu an sa lamba. A teburin shiga ma'aikaciya ta juya rasit ɗin, ta kira na sama da ita. Amsa ɗaya: wannan takarda a cikin Italiya take aiki, ko zuwa ƙasarku kai tsaye ba tare da ratsa wata ƙasar Schengen ba. Matar ta ce ba za ta sauka a Marseille ba, za ta zauna a ɗaki. Aka ce jirgi idan ya shiga tashar ƙasa, duk wanda ke ciki ya shiga ƙasar, ko ya sauka ko bai sauka ba. Mijin ya ƙi tafiya ya bar ta. Awa uku suna jiran a zaƙulo akwatunan daga cikin jirgi, yara na kallonsa ta gilashi suna kuka. Ko sisi ba a maido ba, domin a sharuɗɗan da suka sa wa hannu an rubuta takardun tafiya alhakin fasinja ne, inshorar da suka saya ma ba ta biyan wannan. Har yau ƙaramin idan ya ga jirgin ruwa a talabijin sai ya tashi ya bar falon. Baban Ummi, don Allah kada ka biya komai, Disney ko MSC, sai katin ya shigo hannunta.

Hajiya Maman Walid, Antwerp: Innalillahi. Allah ya mayar musu da alheri. Kuma ko bizar Birtaniya aka samu, jirgin Southampton Norway yake zuwa, Norway kuwa tana cikin Schengen, matsalar rasit ɗin tana nan.

Anti Bilki, Maryland: Abin tausayi ne, amma wannan laifin ejan ne, ba na jirgi ba. Ni sau huɗu na shiga, ban taɓa ganin an mayar da kowa ba.

Yaya Hadiza, Verona: Anti, da wane fasfo kika shiga, kuma daga wace tasha? Mai fasfon Amurka da ya tashi daga Florida ba shi ne zai ba mai koren fasfo shawarar takarda a Turai ba.

Anti Bilki, Maryland: To wanda bai taɓa taka jirgin ba shi ne zai faɗi yadda cikinsa yake?

Malam Sani, Leeds: Ku yi haƙuri, kowa da inda ya sani. Mu koma kan jin daɗin da ya tambaya. Cikin jirgin Amurka ne zalla ko da yana gaban Barcelona. Sanarwa da Turanci, wasan dandamali da Turanci, masu kula da yara da Turanci suke gudanar da komai, ko da za ka iya dacewa da ma'aikacin da ke jin wani yare. Yaran kuma za a raba su: wurin wasan yara na Oceaneer Club na shekara 3 zuwa 10 ne, mai 8 da mai 5 can za su. Mai 11 Edge za ta, na 11 zuwa 14. Wato wadda ke jin Turancin ba za ta kasance tare da ƙannenta ta fassara musu ba. Auta sai ɗakin raino, na wata 6 zuwa shekara 3, shi kuma biya ake yi kowace awa, a kama wuri tun kafin tafiya. Mai famfas ba a bari ya shiga wurin ninƙaya, sai filin fesa ruwa na ƙanana. Zamiyar AquaDuck sai yaro ya kai santimita 107. A MSC da Costa kuwa sanarwa da harsuna da dama ake yi har da Italiyanci, yaranka za su sami abokan wasa tun ranar farko.

Abu na biyu da ba a cika faɗa ba: tafiyar Bahar Rum kusan kullum jirgi na tasha. Ba'amurke ya tsallako teku don ya ga Roma da Pisa da Pompeii, gare shi riba biyu ce. Kai kana iya zuwa waɗannan da jirgin ƙasa ranar Asabar. Civitavecchia zuwa Roma kusan kilomita 80 ne, fiye da awa guda kowace tafiya, cikin zafin Yuli da keken jariri. Idan kun sauka, kun bar abin da kuka biya tsada dominsa. Idan kun zauna a ciki, to ranar ce jirgin ya fi daɗi, babu layi. Ga mazaunin Italiya ni na fi ganin amfanin Norway, ko gajeriyar tafiya ta dare uku zuwa biyar don a ɗanɗana.

Hajiya Maman Walid, Antwerp: Abinci ma a sani. Gidajen cin dare uku ne, kowane dare ana juya ku, masu hidimarku suna bin ku, don haka sau ɗaya za ku yi bayanin naman alade da giya a miya su riƙe. Zama biyu ne, wajen ƙarfe shida da wajen takwas da rabi. Mai ƙananan yara ya kama na farko da wuri, shi ke fara cika. Halal sai an nema tun fiye da wata guda kafin tafiya, kada a bari sai an shiga. Kifi da ganye kullum akwai. Abincin da aka dafa a gida ba a shiga da shi, sai wanda ke rufe daga masana'anta, kilishi da dambu su zauna a gida. Alƙibla tana juyawa da jirgi, a duba kamfas lokacin tayar da salla. Masu jiri su nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa, musamman a Tekun Arewa.

Ɗan Zango, Hamburg: Mako guda babu yaji babu kilishi? Garin yaji dai a sa a aljihun jaka.

Malam Sani, Leeds: Mu na Ingila namu a juye yake. Jirgi na ƙofar gida a Southampton, amma mai fasfon Nijeriya sai bizar Schengen mai shiga da yawa. Yuro 90 babba tun Yunin 2024, yuro 45 yaro mai shekara 6 zuwa 12. Kuɗin ba shi ne ciwon ba, samun ranar ganawa ne. Cikon kuɗin jirgi ana biya watanni kafin tafiya, ranar ganawa kuwa ba ta fitowa sai lokaci ya ƙure.

Yaya Hadiza, Verona: Ga kuma fasfon kansa. Ana so ya rage aƙalla wata shida bayan dawowa. Sabunta na Nijeriya yanzu sai da NIN, kuma idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa ko da harafi ɗaya ne, Muhammad a nan Mohammed a can, komai ya tsaya sai an gyara. Gyaran kuma wani layin ne daban.

Alhaji Bakano, Milano: Wannan ita ce maganar da ya kamata a yi tun ɗazu. Mutum ya ɗauki hutun aiki, ya yi tafiyar awanni don a ɗauki hoton yatsa, sannan a ce injin ba ya aiki. Masu shiga tsakani kuma kowa da farashinsa.

Baban Ummi, Brescia: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Hadiza, yanzu na duba fasfon maman yara, a Nuwamba zai ƙare. Shi zan fara sabuntawa ko in jira permesso ya fito tukuna? Kuma idan lambar fasfo ta canza bayan an yi rajistar jirgi, ana iya gyarawa?

Ɗan Zazzau, Torino: Sunanta a NIN da na fasfo iri ɗaya ne? Fara duba wannan tukuna.