Taƙaitawa: Biyan Diyyar Hayaƙin Zuwa Taro ta Hanyar Kare Dazuzzuka

Ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawarmu kan ko biyan kuɗin kare daji zai iya zama diyyar hayaƙin da tafiya zuwa taro ke fitarwa.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Jirgin sama ne ke da kaso mafi tsoka a hayaƙin taro. Kujera ɗaya daga Landan zuwa New York da dawowa kan fitar da kusan tan ɗaya na iskar kabon, kujerar manya kuwa ta ninka haka.
2. A fara da rage tafiyar: jirgin ƙasa, ko halarta ta intanet. Diyya daga baya.

Inda aka rabu shi ne batun dajin kansa. Wasu suka ce kuɗin da ake zubawa a dajin Amazon da dajin Kwango ƙarƙashin tsarin REDD+ (tsarin biyan kuɗi don a bar daji a tsaye) yana hana sara, yana kuma biyan masu gadi. Wasu suka tuna binciken jaridar Guardian na 2023, wanda ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun diyyar daji da Verra, ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan takardu, ta amince da su ba su rage hayaƙi da gaske ba, ko da yake Verra ta musanta. Tambayoyinsu sun tsaya mini a rai: da ma za a sare dajin nan? Idan an tsare nan, masu injin sara ba za su koma ƙetaren kogi ba? Gobara ɗaya fa, ta mayar da kabon sama?

3. Duk da wannan saɓani, kafin a biya, a tambayi nawa ke isa hannun mazauna dajin, a kuma nemi hotunan tauraron ɗan'adam.