Zubin rezin ko tekun soso? A ba ni shawara kafin in sa zarto a jikin jirgin nan

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum manya. Na kusa kammala haɗa ɗan ƙaramin kwaikwayon roba na jirgin nutso na Jamus samfurin VIIC, na kamfanin Revell, ma'aunin 1/144 (wato na gaske ya ninka shi sau 144). Tsawonsa ya ɗan haura santimita 46. Na haɗe ɓari biyun gangar jikin, na cike tsagar, na goge, amma ban yi fenti ba tukuna. Ina so in nuna shi yana tafiya a saman teku, ba a nutse ba. Abin da ya tsayar da ni: in zuba rezin mai haske (ruwan roba mai daskarewa kamar gilashi) yadda za a riƙa hango cikinsa da farfela a ƙarƙashin ruwa, ko in yanke shi daga layin ruwa in dasa a kan soso mai tauri in zana tekun da fenti? Zarto in ya shiga ba ya komawa, shi ya sa na tsaya. Wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya taimaka.

Gwanin_Feshi:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai kada ka yi wa cikinsa jan fenti. Jiragen nutson Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu toka-toka mai duhu ake shafa musu a ƙasa, wanda ya yi daidai da lambar launi RAL 7016. Saman kuma a farkon yaƙi ko Hellgrau 50 (toka mai haske) ko Dunkelgrau 51 (toka mai ɗan duhu). Fentin kamfanin Tamiya XF-63 yana kusa da na ƙasan. Ka tsinka shi da tinarsu X-20A, kashi ɗaya fenti kashi ɗaya da rabi tina, allurar na'urar feshi milimita 0.3, ƙarfin iska tsakanin PSI 15 da 18. Shafe uku sirara ya fi ɗaya mai kauri.

Injiniya_72:
Rezin za ka sha wahalar sa. Akwatin da zai ɗauki jirginka sai ya kai santimita 55 a tsawo, 14 a faɗi, 11 a zurfi. Lita takwas da rabi ke nan, nauyin ya haura kilo tara. Kuɗinsa zai ninka na jirgin sau da yawa.

Hajiya_Zane:
Injiniya, ka sake karanta tambayar. Ya ce a saman ruwa, kai kuma ka yi lissafin nutsar da shi har hasumiya. Jirgin gaske yana shiga ruwa kimanin mita 4.7, wato a 1/144 santimita uku da ɗigo uku. Ka ƙara masa ɗaya da rabi ƙarƙashin gindin, zurfin santimita 5 ya ishe shi. 55 sau 14 sau 5 bai kai lita huɗu ba, ka kuma cire wurin da jirgin ya cinye, kusan rubu'in lita. Uku da rabi zai yi.

Injiniya_72:
Ko ukun da rabi ne Hajiya, sai ya sayi huɗu da rabi. Akwai wanda ke maƙalewa a kofi, akwai na gwaji, akwai wanda zai tsiyaye ta kusurwar akwati in bai liƙe da kyau ba.

Baba_Mai_Jirage:
Yaro, ka saurara da kyau, don maganar lita ba ita ce ke kashe aiki ba, zafi ne. Ga yadda na 1/72 ya lalace a hannuna, santimita 93 na aiki, ramukan shigar ruwa duk an huda su ɗaya bayan ɗaya, an goge robar ta ciki har ta yi siriri.

Rezin ɗin da na zuba efoksi ne, irin wanda ake haɗawa ɗaya da ɗaya da sinadarin daskarar da shi, na shafe saman tebur. An yi shi ne don a shimfiɗa milimita uku zuwa biyar, ni kuma na zuba santimita huɗu a tashi guda. Efoksi in yana daskarewa zafi yake fitarwa, kuma iya kaurinsa iya zafinsa, saboda zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya ƙara hanzarta daskarewar, ita kuma ta ƙara zafin. Minti arba'in ba a yi ba bangon akwatin ya gagari tafin hannu. Robar da ake yin waɗannan jirage da ita tana sakin jiki tun kafin digiri 100, wurin da aka goge ya yi siriri kuwa shi ne farkon tafiya. Gefen da ramukan suke ya lotsa. Ɗinkin gindi ya buɗe. Iskar da ke cikin gangar jikin ta kumbura ta fito ta kowane rami, ta tsaya jere-jere a cikin rezin da ya riga ya fara kauri, babu yadda za ta hau sama. Fentin mai na tsatsa da bai bushe sosai ba ya saki, ya yi gajimare ruwan kasa a gefen jirgi. Washegari dunƙulen ya tsage daga goshi zuwa tsakiya.

Abin da ya fi ciwo, babu abin da za ka ceto. Soso in ya ɓaci ka ɓamɓare jirginka ka sake. Rezin in ya kama, ya kama har abada. Ko bindigar santimita 8.8 ta saman ban iya cirowa ba.

Kunkuru:
Innalillahi. Baba sannu. Wannan ai ko bama-baman zurfi na Ingila ba su yi masa haka ba.

Hajiya_Zane:
Allah ya mayar da alheri Baba. Amma laifin nau'in rezin ne da kaurin zubi, ba hanyar gaba ɗaya ba. Akwai na zubi mai zurfi, yawanci biyu da ɗaya ake haɗa shi, tsinkakke ne, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku kafin ya daskare, shi ya sa zafinsa ba ya taruwa. Ka duba ko da awo ake haɗa naka ko da nauyi, don ba ɗaya ba ne. In nauyi ne sai sikeli. Ka juya a hankali minti huɗu, kana kankare gefe da gindin kofi, ka juye a wani kofin ka sake juyawa. Wanda bai haɗu ba shi ke barin wuri mai danƙo da ba ya taɓa bushewa. Ni santimita biyu nake zubawa kowane hawa.

Baba_Mai_Jirage:
Biyu ya yi yawa in akwai roba a ciki. Ɗaya. Ni yanzu ko bakwai na milimita ba na wucewa.

Hajiya_Zane:
To sai ya samu layuka biyar zuwa bakwai a gefen gilashin, kowanne ana ganinsa in haske ya bugo. Maganinsa shi ne a zuba na gaba tun na ƙasa yana ɗan kama yatsa, kuma a rina rezin ɗin duka a mazubi guda kafin a raba, don launin ya zo ɗaya. Ɗigo biyu na shuɗi, ɗaya na kore a lita. Abin da ya yi kamar bai rinu ba a kofi, in ya taru santimita 14 a faɗi duhu yake yi.

Mai_Tankoki:
Ni dai na ga ana zuba fiye da santimita biyar lokaci ɗaya a bidiyo kuma lafiya lau. A bi da wuta a kai kumfar ta fashe.

Baba_Mai_Jirage:
Malam, kai ka taɓa zubawa ko gani ka yi? Masu zuba biyar ɗin katako ne a ciki, katako ba ya narkewa. Kuma wuta kusa da wayoyin eriya da dogarin hasumiya? Daƙiƙa ɗaya ta lanƙwashe su. Tsinken sakace da haƙuri, ko a hura ta cikin tsinken shan lemo.

Mai_Tankoki:
Baba ba raini ba ne, na yi kududdufai da rafi a fagen tankoki da dama.

Injiniya_72:
Kududdufin milimita uku daban, teku daban, Malam. A nan maganar wanda ya zuba mai zurfi ce abin ɗauka, ko da nasa ya ɓaci. Wanda nasa ya ɓaci ma ya fi sanin inda ramin yake.

Wani abin da ba a faɗa ba: jirgin zai taso. Fanko ne, rezin kuma ya fi ruwa nauyi kaɗan. Sai a kafe shi da sanduna biyu na tagulla, milimita biyu, daga gindi zuwa katakon ƙasa, ko sandar roba mai haske wadda ke ɓacewa a cikin rezin. Kuma a toshe duk wata kafa da iska za ta bi, a shafe jirgin da banish mai sheƙi sau biyu, a bar shi mako guda.

Kunkuru:
Jirgin nutso ya ƙi nutsewa ke nan, sai an ɗaure shi da ƙarfe. Kyaftin ɗin nan sai a kai shi kotun soja.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai. Baba, maganarka ta sa jikina ya yi sanyi. To in soson ne, dole sai na yanke?

Gwanin_Feshi:
A'a, ajiye zarton. Wannan ne ma aka kasa gaya maka tun farko. Samu soso mai tauri irin wanda ake sa wa bango don tare zafi, mai santsi, ba farin nan mai ƙwaya-ƙwaya ba. Kaurin santimita biyar. Ɗora jirgin, zana siffarsa, ka fafe rami da wuƙa yadda zai zauna har layin ruwa. Ribar haka ita ce za ka iya ɗaga goshin ya fito daga taguwa a ga duhun cikinsa, abin da yankakke ba zai ba ka ba. Ka ɗan karkata shi a kan katakon, kada ya bi gefe sak.

Taguwar kuma ka sassaƙa ta da wuƙa da samfefa mai kaushi. Nannaɗe jirgin da ledar rufe abinci, zaunar da shi, ka cike giɓin da ke kewaye. Sai takardar goge hannu da farin gam na kafintoci da aka tsinka rabi da rabi da ruwa, hawa biyu ko uku, kana tura ta da buroshi tana tattarewa kamar ƙananan igiyoyin ruwa. Kwana ɗaya ta bushe. Fenti na ruwa kawai. Fentin gwangwani mai tina da gam mai kama nan take duk cinye soson suke yi, haka ma rezin na foliyesta, shi har jirgin yake ci. Arewacin Atilantika ba shuɗi ba ne garau: shuɗi mai duhu da toka da ɗan kore, inda ruwa ya dagule a gefen jirgi a haskaka shi zuwa kore-kore. Sannan jel na akirilik mai haske, siriri-siriri. In ka lafta shi cikinsa zai zauna fari. Auduga ta zo ƙarshe, 'yar kaɗan, a jiƙa ta da jel a ja ta da tsinke ta bi bayan taguwa. Busasshiyar auduga ko daga nesa auduga ce.

Hajiya_Zane:
Wannan gaskiya ne, ramin ya fi yanka. Amma farfela da filafilan nutso da ya ce yana so a gani duk sun tafi cikin soso.

Mai_Tankoki:
Ko wanne ya zaɓa dai ya zuba masa tsatsa sosai da kankarewar fenti, shi ne ke fito da aiki.

Baba_Mai_Jirage:
Ga inda nake rabuwa da mutane. Jirgin da ya yi makonni a teku ba jirgin da ya shekara goma a bola ba ne. Waɗannan jirage in sun dawo sansani ana kankare su a sake fenti. Amma yanzu duk wanda ka gani ja-wur daga goshi har ƙeya, har katakon doron jirgi an yi masa tsatsa. Katako yana tsatsa? Baƙin maganin katako ake shafa masa, in ya ji gishiri da takalma sai ya koɗe zuwa ruwan kasa mai toka, musamman kewayen bindiga da bakin ƙofofi. Farfela ma tagulla ce, dushewa take yi.

Tsatsa tana da wurin fitowa: bakin ramukan shigar ruwa, wurin anka, gindin dogari, ɗinkin walda. Ɗigon fentin mai kamar kan allura, ruwan kasa mai duhu a bakin ramin, mai ja-ja ƙasa da shi, sai buroshi mai faɗi da aka ɗan jiƙa da tina marar wari a ja ƙasa sak. A 1/144 zirin santimita ɗaya kusan mita ɗaya da rabi ne a jirgin gaske, ku riƙa wannan lissafin. Kuma ba kowane rami ba, ɗaya cikin huɗu ko biyar. Sai kunkunniyar hayaƙin dizal a bakin salansa can baya, da siririn layin gansakuka da dauɗa a iyakar ruwa.

Gwanin_Feshi:
A ƙara da cewa kada tinar fentin mai ta taɓa roba tsirara, sai an rufe da banish ɗin Tamiya X-22 ya kwana biyu. Tana shiga ɗinki ta fasa shi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a wurin gasa mai tsatsar nan ake tsayawa kallo, wanda ya bi hotunan lokacin yaƙi a wuce shi a ce bai gama ba.

Injiniya_72:
Haka masu kwafar U-995 da ke Laboe kusa da Kiel. Shi kaɗai ya rage a samfurin VII, amma VIIC/41 ne, ya yi aiki a rundunar ruwan Norwe bayan yaƙi, fentin da ke jikinsa kuma na gidan tarihi ne. Mutum ya ɗauki hasumiyarsa mai faffaɗan dandalin bindigogin harbo jirgin sama ya haɗa da bindigar doro da abin yanke raga na farkon yaƙi, abubuwan da ba su zauna a jirgi ɗaya lokaci guda ba.

Mai_Tankoki:
To amma in aka bi naku, a tazarar mita ɗaya toka kawai za a gani. Ido yana buƙatar a ɗan ƙara masa.

Baba_Mai_Jirage:
A ƙara masa da bambancin tokar, ba da ja ba. Tankunan gefe sun fi duhu, saman hasumiya ya fi koɗewa, gishiri yana barin fari-fari inda ruwa ya bushe.

Sabon_Hannu:
Ina rubutawa duka. Hajiya, in na gwada santimita biyu a kofi da guntun robar da ta rage daga firam ɗin, zai nuna mini zafin da babban akwatin zai yi, ko ƙaramin gwaji ba ya nunawa?

Hajiya_Zane:
Zai nuna maka ko fentinka da banish za su jure, da yadda launin zai fita. Zafin kuwa ba lalle ba, don ɗan kofi bai tara abin da akwatin zai tara ba. Sa ma'aunin zafi a jikin bangon a zubin farko, tun kafin rezin ya kai gindin jirgi.

Mai_Tankoki:
Baba, farin gishirin nan da me kake yinsa, fentin mai ko gari?