Gazawar zuciya da ciwon damuwa: in kumburi ne ya haɗa su, me ya hana maganin kumburi yin aiki?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a karatun gazawar zuciya. An ce kusan mutum ɗaya cikin biyar masu wannan ciwo yana fama da ciwon damuwa, kuma wanda ya haɗa biyun haɗarin mutuwarsa ko komawarsa asibiti ya kai ninki biyu. An kuma ce sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6 da CRP suna hauhawa a jinin masu ciwukan biyu. To in tushen ɗaya ne, me ya sa ba a ba su maganin da ke danne garkuwar jiki a huta? Sannan idan majinyaci ya zo da gazawar zuciya, ga damuwa, ga kuma amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki, ta ina ake farawa?

Likitan Zuciya:

Wa alaikumus salam Malama. Wannan tunani naki shi ne masana suka yi tun bayan 1990, shekarar da aka fara nuna cewa TNF yana da yawa a jinin masu gazawar zuciya mai tsanani. An gwada, sakamakon bai yi daɗi ba.

An ba mutum 2,048 etanercept, mai danne TNF, ko allurar wofi, wato wadda babu magani a cikinta, a gwaje-gwaje biyu da aka haɗa aka kira RENEWAL, aka dakatar da wuri don babu alamar amfani. Na infliximab, shi ma mai danne TNF, wato ATTACH na 2003, mutum 150 kacal aka sa, amma ya isa darasi: waɗanda aka ba miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki sun fi mutuwa ko komawa asibiti. Shi ya sa har yau ake kaffa-kaffa da masu danne TNF ga wanda ciwonsa ya kai mataki na uku ko na huɗu a ma'aunin NYHA, wato wanda ɗan motsi kaɗan ke sa shi haki, ko yana haki ko a zaune.

Dalilan gazawar sun fi ɗaya. TNF yana da makarɓa biyu, wato wuraren da yake maƙalewa ya yi aiki, a jikin ƙwayar halitta. Binciken dabbobi ya nuna ta farko tana jawo mutuwar ƙwayoyin tsokar zuciya, ta biyu kuma tana ba su kariya, saboda haka in an kashe sinadarin baki ɗaya an yi jifa da mai amfani tare da mai cutarwa. Na biyu, ba a tace majinyata ba. An ɗauki kowa da kowa, har da waɗanda kumburi ba shi ne ke tura ciwonsu ba. Na uku, wani kumburin sakamako ne ba sanadi ba. Idan ruwa ya taru, bangon hanji yakan kumbura ya bar gubar ƙwayoyin cuta ta tsallaka cikin jini, garkuwar jiki ta motsa. Irin wannan kumburin sauke ruwa ne maganinsa.

Gwajin da ya farfaɗo da batun shi ne CANTOS na 2017. Mutum 10,061 ne, duk sun taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, kuma an zaɓe su da sharaɗin CRP ɗinsu ya kai miligiram 2 a lita ko fiye. Canakinumab, mai danne IL-1 beta, a miligiram 150 duk wata uku, ya rage manyan matsalolin zuciya da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da ya taɓa kitsen jini ba. Nazarin da ya biyo baya ya nuna kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya tana raguwa gwargwadon yawan maganin. Illarsa ita ce ƙaruwar mutuwa ta dalilin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Colchicine ta rabin miligiram ta yi kyau a COLCOT da LoDoCo2, ta kasa a CLEAR SYNERGY na 2024, kuma duka ukun na ciwon jijiyoyin zuciya ne, ba na gazawarta ba. Wanda aka tsara kai tsaye don masu gazawar zuciya da ke da alamar kumburi shi ne HERMES, da ziltivekimab mai danne IL-6.

Abin da ke hannu yau kuma, magungunan nan huɗu ne ga wanda ƙarfin matsewar zuciyarsa ya kai kashi 40 ko ƙasa: sacubitril-valsartan ko wani ɗan gidansa, mai rage bugu irin su carvedilol ko bisoprolol, spironolactone ko eplerenone, da dapagliflozin ko empagliflozin miligiram 10 a rana. A DAPA-HF na 2019, da mutum 4,744, dapagliflozin ta rage tsanantar ciwo ko mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 26. Majinyacin da ba a ɗora shi kan waɗannan ba, zancen IL-6 a kansa ya yi wuri.

Likitar Ƙwaƙwalwa:

Malama, ta ɓangarenmu ma labarin kusan ɗaya ne, kuma yana damuna yadda ake rubuta maganin damuwa ga mai ciwon zuciya a sallame shi kamar an gama.

Manyan gwaje-gwaje biyu aka yi. SADHART-CHF na 2010 a Amurka ya ba mutum 469 sertraline, miligiram 50 zuwa 200, ko ƙwayar wofi, na mako 12. Maganin bai cutar da zuciya ba, amma bai fi ƙwayar wofin rage damuwa ba. MOOD-HF na 2016 a Jamus ya gwada escitalopram a mutum 372, an bi su kimanin shekara ɗaya da rabi, bai rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba, bai kuma rage damuwar ba. Abin lura, a SADHART-CHF ɓangarorin biyu duk sun samu sauƙi sosai, kuma dukkansu ma'aikatan jinya na tuntuɓarsu a kai a kai. Wannan ya shafi aikinki kai tsaye.

Abin da ya nuna amfani ƙarara shi ne jinyar zantawa mai gyara tunani da ɗabi'a. A gwajin 2015 da mutum 158, ta rage damuwa cikin wata shida, ko da yake ba ta inganta yadda majinyaci ke kula da kansa ba. Motsa jiki bisa tsari a HF-ACTION, mutum 2,331, shi ma ya rage makin damuwa, amma kaɗan. Wani gwaji na 2024 da mutum 416 ya kwatanta magani da jinyar mayar da mutum kan ayyukan da ke faranta masa rai, aka ga duka biyun sun rage alamomi kusan rabi. Sai dai babu ƙwayar wofi a cikinsa, don haka bai rushe na baya ba.

Game da kumburi, hujja mafi ƙarfi cewa garkuwar jiki na iya haifar da damuwa ta zo daga interferon-alfa, magani mai zaburar da garkuwar jiki. A gwajin 2001 kan masu kansar fata da ake ba wannan magani, kashi 45 na waɗanda ba a ba kariya ba sun faɗa cikin damuwa mai tsanani, ga kashi 11 na waɗanda aka fara ba maganin damuwa paroxetine. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce sinadaran kumburi suna kunna wani inzayim mai suna IDO, shi kuma ya karkatar da tiriftofan, wanda da shi ake yin sirotonin, zuwa layin kainurenin. Suna kuma rage aikin dofamin, shi ya sa wannan nau'in damuwar ya fi zuwa da kasala da mutuwar jiki da rashin sha'awar komai. Amma da aka ba mutum 60 masu damuwar da ta ƙi jin magani infliximab a 2013, babu bambanci a jimla. Waɗanda CRP ɗinsu ya wuce 5 ne kawai suka nuna alamar amfana, masu ƙarancinsa kuwa allurar wofi ma ta fi musu. Darasin Likitan Zuciya ne ya sake dawowa: sai an tace.

A aikace, fara da tambayoyi biyu na PHQ-2, takardar tantance damuwa. In maki ya kai 3, a cike PHQ-9 mai tambayoyi tara, wanda makinsa daga 0 zuwa 27 ne, ana ɗaukar 10 a matsayin iyaka. Inda ake kuskure shi ne gajiya da rashin barci da rashin cin abinci da rashin natsuwa duk gazawar zuciya kaɗai na iya kawo su, sai makin ya kumbura. Ki duba ko makin daga waɗannan ya fito: rashin jin daɗin komai, yanke ƙauna, ganin kai ba shi da amfani. Kada a auna a ranar da mutum ke haki a gadon asibiti, a maimaita bayan ruwa ya sauka. Tambaya ta tara, ta tunanin mutuwa ko cutar da kai, in an amsa ta da wani abu sama da sifili, a ranar za a zauna da shi, ba a jiran jimlar maki.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Likita ta yi gaskiya, amma kada a fahimci cewa an hana maganin. Mai damuwa mai tsanani, ko wanda ya taɓa amfana da shi, ana ba shi. Sertraline aka fi zaɓa, a fara da miligiram 25 zuwa 50. Matsalar tana wajen haɗuwa da sauran abin da yake sha.

Sodiyam ne farko. Ajin magungunan su sertraline yana sa jiki riƙe ruwa ta hanyar homon ɗin ADH, ga kuma maganin fitsari yana zubar da gishiri. A tsofaffi sodiyam kan faɗi cikin makonni biyu zuwa huɗu na farko, ya zo da ruɗewa da faɗuwa, a ɗauka damuwar ce ta ƙaru a ƙara magani. A auna kafin farawa, a sake bayan mako ɗaya zuwa biyu.

Citalopram, ɗan ajin sertraline, na tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta sake shiri, a gwajin lantarkin zuciya na ECG. Iyakarsa miligiram 40, ga wanda ya wuce shekara 60 kuma 20. In majinyacin nan naki na shan hydroxychloroquine don gaɓɓai, ko amiodarone, ko fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa saboda furosemide, an tara abubuwa masu tura QT gefe ɗaya. In QT ya wuce milisakan 500, a dakata. Paroxetine da fluoxetine suna toshe inzayim ɗin hanta CYP2D6, wanda ke sarrafa metoprolol da carvedilol, sai bugu ya sauka, jiri ya zo. Amitriptyline da danginsa a bar su kwata-kwata, suna rikita bugun zuciya. Mirtazapine tana ƙara ci da ƙiba, kuma hakan na ɓata awon nauyi na kullum, tunda ƙaruwar fiye da kilo 2 cikin kwana uku ita ce alamar taruwar ruwa da aka koya wa majinyaci. Mai shan warfarin ko aspirin kuwa, haɗarin zubar jini a ciki yana ƙaruwa da duk wani ɗan ajin sertraline.

Mafi yawan ɓarna ga mai ciwon gaɓɓai daga diclofenac da ibuprofen take zuwa. Suna hana ƙoda fitar da gishiri, suna kashe aikin maganin fitsari, in an haɗa da spironolactone fotasiyam ya hau. Dokar spironolactone ita ce a auna fotasiyam da kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, a mako na ɗaya da na huɗu. In fotasiyam ya wuce 5.5 a rage rabi, ya wuce 6.0 a tsayar.

Likitan Gaɓɓai:

Ranka ya daɗe Likitan Zuciya, ina so in ɗan sassauta maganar TNF, don ana hana mutane maganin da suke buƙata da sunan ATTACH. Wancan gwaji masu ciwo mai tsanani aka sa, kuma ba su da ciwon gaɓɓai. Mai amosanin da ke ci kamar wuta, shi kansa kumburin yana cin zuciya. Nazarin da aka buga a 2022 daga bayanan mutum miliyan 22 a Birtaniya ya duba cututtukan garkuwar jiki 19, ya ga haɗarin ciwon zuciya da jijiyoyi ya ƙaru da kusan kashi 56, ya kai ninki uku da rabi a ciwon taurin fata, kusan ninki uku a lufus. Ga wanda ya kai mataki na uku ko huɗu, akwai mafita, magungunan da ba TNF suke dannewa ba: abatacept, rituximab ko tocilizumab. Methotrexate na nan, amma ƙoda ke fitar da shi, kuma ƙodar mai gazawar zuciya ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai a riƙa aunawa, kada kuma a haɗa shi da cotrimoxazole. Prednisolone mai yawa na tsawon lokaci shi ne ke taɓa duka ukun: yana tara ruwa, yana hana barci, yana juya yanayin rai. Kafin fara kowane mai danne garkuwa a bincika tarin fuka da ke kwance da ciwon hanta nau'in B. A tuna kuma tocilizumab yana durƙusar da CRP, har ciwon huhu ya zo gwaji ya nuna lafiya lau.

Ɗalibar Jinya:

Na gode malamai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: in ruwa ya sauka, makin damuwa bai kai 10 ba, amma gajiyar ta ƙi tafiya, me ake dubawa?

Likitan Zuciya:

Na karɓi gyaran Likitan Gaɓɓai. Malama, ki duba sinadarin ƙarfe, ko da awo ya nuna majinyacin ba shi da ƙarancin jini. Kusan rabin masu gazawar zuciya suna da ƙarancinsa, kuma a nan ne kumburi ya fi nuna hannunsa a fili: IL-6 na sa hanta ta fitar da hefsidin, shi kuma ya rufe ƙofar da ƙarfe ke shiga daga hanji, ya kulle wanda ke ajiye. Shi ya sa ƙwayar ƙarfe ta sha ta kasa a gwajin IRONOUT, ake bayarwa ta jijiya. Ma'aunin ƙarancin shi ne feritin, mai nuna ƙarfen da ke ajiye, ƙasa da 100, ko tsakanin 100 da 299 tare da cikar tiransferin, mai ɗaukar ƙarfe a jini, ƙasa da kashi 20. Feritin yana hawa da kumburi, don haka ga mai ciwon gaɓɓai cikar tiransferin ta fi abin dogaro. A haɗa da gwajin TSH, na aikin ƙullin wuya da ake kira thyroid, musamman ga mai shan amiodarone, a tambayi wanda ke kwana kusa da shi ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, a kuma auna hawan jini a kwance da a tsaye, don wani lokacin maganin fitsarin ne ya yi yawa bayan ruwan ya riga ya sauka. In an yi ƙarin ƙarfen, ba a sake auna feritin sai bayan kamar wata uku.