Me za mu kira "pitcher" da Hausa?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina rubutu a kan Cy Young, tsohon ɗan wasan besbol na Amurka, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: pitcher, wato wanda ke tsayawa a tsakiyar fili yana aika wa mai sanda ƙwallo, shi kuma mai sandan ya yi ƙoƙarin buga ta.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira shi "mai wurgi". Na ga dalilinsa. An haifi Young a jihar Ohio a 1867, ɗan manoma ne, sunansa na yanka Denton. Ana cewa ranar da aka gwada shi a garin Canton ƙwallonsa ta farfasa katakon shinge kamar guguwa ta bi ta wurin, shi ne aka laƙaba masa Cyclone, wato guguwa da Turanci, daga baya aka gutsure ya koma Cy.

Amma wurgi ba shi da saiti. Abin da ka gaji da shi kake wurgarwa. Shi kuwa mutumin nan ya fara da Cleveland a 1890, bai ajiye ba sai 1911. Ya yi nasara sau 511, har yau ba wanda ya kamo shi, kuma wasa 749 shi ya fara shi ya ƙarasa. A 1893 aka ƙara tazarar da ke tsakaninsa da mai sanda ta koma ƙafa 60 da inci 6, bai girgiza ba. Ranar 5 ga Mayu 1904, yana Boston, masu sanda 27 na Philadelphia suka zo ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai taka zangon farko ba, wato wurin da mai sanda ke fara rugawa in ya buga ƙwallo. Ƙarfin dantse kaɗai ba ya yin wannan.

"Maharbi" ma na ajiye shi, yana jawo kwari da baka.

Ni dai jifa ta fi kwanta mini. Ku tuna yaro a gindin mangwaro: ya zaɓi dutse, ya kanne ido ɗaya, ya auna nunannen da yake so, sannan ya saki hannu. To mu ce majefi, kamar manomi da maɗinki. Mace majefiya, jam'i majefa.

Na san za a ce ai kowa a filin yana jifa. Haka ne, amma a ƙwallon ƙafa ma 'yan baya duk gida suke tsarewa, mutum ɗaya muke kira mai tsaron gida.

Ku gwada ta a baki ku ji: majefi Cy Young ya rasu a 1955, kuma tun 1956 kyautar da ake ba gwanin majefa sunansa take ɗauke da shi.