Amfilifaya na kashe kanta idan na ƙara murya, sifikun gaba ne matsalar?

Assalamu alaikum. Masu haɗa kayan sauti, ina neman shawararku.

Na haɗa tsarin 5.1 (sifiku biyar da sabufa ɗaya, wato sifikar ƙasan sauti) a falo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5. A bayan amfilifayar an rubuta tana ɗaukar sifiku daga ohm 6 zuwa 16 (ohm ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki ne; idan ya yi ƙasa, sifikar ta fi jan wuta). Ta tsakiya da biyun baya ohm 8 ne, amma manyan gaba guda biyu ohm 4 ne. A ƙaramar murya lafiya lau. Da zarar na kai kusan rabi, aka zo wurin harbi ko fashewa a fim, sai ta yi ƙas ta mutu, allonta ya nuna PROTECT. Samanta kuma ya yi zafin da hannu ba ya jurewa.

Na duba kowane bakin waya, babu silin da ya taɓa ɗan'uwansa. Na canja wayoyin zuwa na tagulla mai kaurin 2.5mm². A saitin amfilifayar na mayar da sifikun gaba Small (wato ta ɗauke su a matsayin ƙanana), na yanke ƙasan sauti a 80Hz don sabufa ta ɗauki nauyin. Wannan ya jinkirta mutuwar da kamar minti 20, bai hana ta ba. Na sa fanka, na sa sitabilaiza, duk ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai: idan na cire na gaban, sauran ukun suna aiki awa uku ba matsala.

Amfilifayar tana da pre-out, wato mafitar da ake jona wata amfilifaya daban. Shin in ƙara wata mai ɗaukar ohm 4 don na gaban kawai, ko in musanya su da masu ohm 8?