Musayar Baitoci Kan Haiti da Jagororinta

Mai Alƙalami:
Da sunan Allah na ɗauko waƙa,
Kan Haiti, ƙasar jikokin Afirka.
Bayi aka kwaso a jiragen ruwa,
Suna noman rake bulala tana sauka.
A 1791 suka ce ya ishe mu,
Gonakin Faransawa suka koma toka.
Toussaint Louverture ya riƙe ragama,
An haife shi bawa, Allah ya ɗaukaka.

'Yar Malam:
Malam, ka fara, bari in ƙarasa,
Da yaudara aka kama shi aka kai shi Faransa.
Kurkukun Joux, kan dutse mai sanyi,
A 1803 ya cika a cikinsa.
Dessalines ya ɗau takobin da ya bari,
A Vertières rundunar Napoleon ta sha ƙasa.
Ran 1 ga Janairun 1804 a Gonaïves,
Bawan jiya ya kafa ƙasa da hannunsa.

Ɗan Tsangaya:
Yaya, ni abin da ke ci mini rai shi ne bashi,
A 1825 sarkin Faransa ya turo jiragen yaƙinshi.
Faranka miliyan 150 ya ce a biya,
Diyyar ubangijin da bawa ya kuɓuce mashi.
Shugaba Boyer ya amince, bakin igwa na kallon gari,
Aka ci bashi a Faransa don a biya ta bashi.
Kuɗin makaranta da asibiti suka haye teku,
Jika yana fansar 'yancin da kaka ya ƙwato da jininshi.

Dattijon Zango:
Ɗana, na ji ka, amma kada mu ɗora komai a kan baƙo.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari,
Wa ya kashe Dessalines a 1806? 'Yan gida suka kai hari.
Christophe ya zama sarki a arewa,
Pétion ya riƙe kudu, ƙasa ta tsage tun da wuri.
Ganuwar Citadelle da ake alfahari da ita a kan dutse,
Da aikin tilas aka gina ta, ba hutu ba bari.
Duvalier likita ne da ya hau a 1957,
'Yan bangarsa, Tonton Macoute, ya saki su yi farauta a gari.
Ya mutu ya bar wa ɗansa kujera kamar gona,
Shekara 29 talaka na kwana cikin ɗari-ɗari.

Ɗan Tsangaya:
Baba, na karɓa, amma in tuna maka,
Daga 1915 zuwa 1934 ƙasar na hannun sojan Amurka.
Ranar da ɗan Duvalier ya gudu a 1986,
Jirginsu ya hau, a Faransa ya sauka.

'Yar Malam:
Baba da ƙanena, ku bar ni da talakan da ke gini ana rushewa.
Aristide bai shekara kan mulki ba soja suka kore shi,
Ƙuri'ar da aka kaɗa a 1990 ta bi ruwa.
A Yulin 2021 aka shiga gidan Jovenel Moïse da dare,
Aka harbe shugaban ƙasa babu mai cetowa.
'Yan daba suka mamaye unguwannin babban birni Port-au-Prince,
Uwa da goyo a baya tana tserewa.
Duk da haka ran 1 ga Janairu tukunya na kan murhu,
Miyar da aka ce an hana bayi sha, miyar kabewa,
Ita mata ke dafawa, gida-gida suna rabawa.